Tarihin K. A. Abbas, Marubucin Da Muka Sha Kallon Aikinsa Ba Mu San Sunansa Ba



Duk wanda ya tashi a zamanin da ake bin layi a ƙofar silima, in ka ce ya lissafa maka jaruman Indiya ba zai tsaya tunani ba. Zai ce Amita, zai ce Dharmendra Sarkin Ƙarfi, in ya ɗan manyanta ma ya ƙara da Raj Kapoor da Nargis. Amma tambaye shi wa ya rubuta labarin da ya sa shi hawaye, sai ka ga ya yi shiru. Dalili kuwa, lokacin da ake jero sunayen ma'aikata a farkon fim, mu lokacin muke neman wurin zama, wasu na cinikin gyaɗa da rake. To yau ɗaya daga cikin waɗancan sunaye da suka wuce mu nake so in ba ku tarihinsa.

Sunansa Khwaja Ahmad Abbas, an fi rubuta shi K. A. Abbas. Shi ya rubuta Awaara da Shree 420 da Bobby, kuma shi ne mutumin da ya fara saka Amitabh Bachchan a fim. Tun wajen shekarun 1950 da 'yan Labanan masu gidajen silima, waɗanda muke kira Kwarori, suka fara kawo finafinan Indiya ƙasar nan, jama'armu ke kallon aikin marubuta irinsa ba tare da sun sani ba. Abin da ya sa na zaɓe shi, mutum ne da ya kwashe fiye da shekara 40 yana nanata magana ɗaya: kada a yanke wa mutum hukunci saboda gidan da ya fito ko jama'ar da aka haife shi a cikinsu. Mu da muke zaman kasuwanci a garin wasu, ba sai an faɗa mana nauyin wannan magana ba.

Asalinsa da karatunsa

An haife shi ranar 7 ga watan Yuni 1914 a Panipat, wani tsohon gari da ke arewa da Delhi, lokacin Turawan Ingila na mulkin Indiya. Shekarar da aka haɗe kudu da arewacin Nijeriya ke nan. Gidansu gidan ilimi ne. Daga zuriyar Altaf Hussain Hali ya fito, wani shahararren mawaƙin harshen Urdu da ya yi doguwar waƙa kan ɗaukakar Musulmi da koma-bayansu. Danginsu kuma suna kai nasabarsu ga Abu Ayyub al-Ansari, sahabin da ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina. Ku riƙe wannan, domin mutumin da yake da nasabar da zai yi tunƙaho da ita shi ne ya ƙare rayuwarsa yana cewa nasaba ba ta isa a auna mutum da ita ba.

Ya yi karatu a Jami'ar Musulmi ta Aligarh, ya sami digiri a 1933, ya ƙara da na shari'a a 1935. Sai dai bai bi hanyar lauyoyi ba. A 1935 ɗin ya tafi Bombay, wanda yanzu ake kira Mumbai, ya kama aiki a jaridar Bombay Chronicle. Cikin ayyukan da ya riƙa yi akwai sharhin finafinai, wato ya kalli fim ya rubuta abin da ya yi kyau da abin da ya ɓaci. A nan kuma ya fara wani fili mai suna Last Page, ma'ana shafin ƙarshe. A 1947 ya koma da filin jaridar Blitz mai fitowa mako-mako, bai kuwa daina rubuta shi ba sai da ya rasu.

A wancan lokaci mutanen kirki da yawa a Indiya ba su ɗauki fim aikin mutunci ba. Mahatma Gandhi kansa yakan haɗa silima da caca cikin abubuwan da ke ɓata jama'a. A 1939 Abbas, yana ɗan shekara 25, ya rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar Filmindia cikin ladabi. Abin da ya nuna masa shi ne, in mutanen kirki suka ƙaurace wa sana'ar, to sun bar ta ne a hannun waɗanda ba su damu da komai ba sai kuɗi. Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kuma ba a nan zan yanke ta ba. Abin lura dai, shi da ya faɗa sai ya shiga ya gwada.

Shigarsa harkar fim

Labarinsa na farko da aka mayar fim shi ne Naya Sansar a 1941, wanda kamfanin Bombay Talkies ya yi, Ashok Kumar ya fito a matsayin ɗan jarida mai gaskiya da ya raba gari da maigidansa. Amma shekarar da ta fito da sunansa ita ce 1946, domin finafinai uku da ke da hannunsa suka fita.

Na farko Dharti Ke Lal, wanda shi ya ba da umarninsa da kansa, kan yunwar da aka yi a yankin Bengal a 1943, wadda ta kashe mutum wajen miliyan 3. Na biyu Dr. Kotnis Ki Amar Kahani, labarin gaske na wani likita ɗan Indiya da ya je ƙasar Sin taimakon waɗanda yaƙi ya raunata, ya rasu a can. Na uku Neecha Nagar, wanda Chetan Anand ya ba da umarni. Labarin wani mai kuɗi ne da ke zaune a kan tudu, ya karkatar da ruwan kwata ya bi ta unguwar talakawa da ke ƙasa, cuta ta ɓarke a cikinsu. Wanda ya taɓa zama a unguwar da lambatun manyan gidaje ke ƙarewa ba ya buƙatar fassara. Wannan fim na cikin waɗanda suka ɗauki babbar kyauta a bikin finafinai na Cannes na farko, a ƙasar Faransa, cikin shekarar.

Raba ƙasa da labarin Sardarji

A watan Agusta 1947 Turawa suka bar Indiya, aka raba ƙasar biyu, aka fitar da Pakistan. Mutum wajen miliyan 15 suka bar gidajensu, Musulmi suna ƙaura zuwa Pakistan, Hindu da mabiya addinin Sikh suna tahowa Indiya. Kashe-kashen da aka yi a hanya da cikin garuruwa, mafi ƙarancin ƙiyasi ma dubban ɗaruruwa ne. Yawancin Musulman Panipat, garinsu Abbas, sun tafi. Shi ya zauna a Bombay, ya ce nan ce ƙasarsa.

Cikin wannan yanayi ya rubuta wani gajeren labari da aka fi sani da Sardarji, wato sunan girmamawa da ake kiran namijin Sikh da shi, masu rawani da dogon gemun nan. Mai ba da labarin wani Musulmi ne ma'aikacin gwamnati a Delhi, wanda tun yana yaro ya tashi da raina mutanen Sikh. Rawaninsu abin dariya ne a wurinsa, gashinsu ƙazanta, hankalinsu gajere. Sai ga wani dattijon Sikh, ɗan gudun hijira daga Rawalpindi, ya tare a maƙwabtansa. Duk alherin da dattijon ya nuna masa, sai ya fassara shi da makirci.

Ranar da rikici ya iso unguwar, masu farautar Musulmi suka zo gidansa. Dattijon nan ne ya ja shi ya ɓoye a ɗakinsa. Iyalin dattijon suka shiga cikin masu wawason kayansa suna kwasa, shi kuwa yana leƙe yana cewa dama ya sani ɓarayi ne. Ashe ɓoye masa kayan suke yi. Da 'yan ta'addan suka gane inda yake, dattijon ya tsaya a bakin ƙofa ya hana su shiga, suka harbe shi. Kafin ransa ya fita ya shaida wa maƙwabcinsa cewa bashi ne yake biya, domin a Rawalpindi wani Musulmi ne ya ba da ransa ya ceci iyalinsa.

Ga inda abin ya juya wa marubucin. Domin ya nuna munin zuciyar mai ba da labarin, dole ya zuba maganganun raini a bakinsa a farkon labari. Wasu daga cikin mutanen Sikh suka karanta farkon suka fusata, suka ɗauka Abbas ne ke zaginsu, har magana ta kai kotu. Mutumin da ya rubuta labari don ya girmama su, shi aka tuhuma da cin mutuncinsu. Darasi ne ga duk mai jin rabin magana ya tashi da ita.

Na daɗe a kan wannan labari ne saboda mun san irinsa. Duk lokacin da ƙura ta tashi a garuruwan da muke zaune, ko a garuruwanmu na Arewa, bayan ta lafa sai ka ji wane maigidan hayarsa ne ya ɓoye shi, wance maƙwabciyarta ce ta kulle ta a ɗaki ta ce babu kowa. Kuma sau da yawa wanda ya yi ceton daga jama'ar da ake yi wa kuɗin goro yake.

Awaara: ɗan alƙali ko ɗan ɓarawo

Aikin da ya kai sunan Abbas ko'ina shi ne Awaara na 1951, wanda ya rubuta tare da abokin aikinsa V. P. Sathe. Da farko Mehboob Khan ya kai wa labarin, wanda daga baya ya yi Mother India, amma ba su daidaita kan waɗanda za su fito ba. Sai Raj Kapoor, saurayi mai sabon kamfani, ya karɓa. Kalmar awaara tana nufin ɗan yawon banza, mara gida mara sana'a.

Akwai wani alƙali mai suna Raghunath da ya yi imani cewa ɗan mutumin kirki mutumin kirki ne, ɗan ɓarawo kuwa ɓarawo ne ko da bai yi sata ba tukuna. A kan wannan ya ɗaure wani mutum mai suna Jagga ba tare da cikakkiyar shaida ba, don kawai ubansa mai laifi ne. Jagga ya fito ya zama ɗan fashi na gaske, ya sace matar alƙalin don ramuwa. Da ya gane tana da ciki sai ya sake ta bai taɓa ta ba, domin ya hango ramuwar da ta fi. Gari ya ɗauki tsegumi, alƙali ya kasa jurewa, ya kori matarsa da tsohon ciki. Ta haihu a titi.

Yaron, Raj, ya tashi a unguwar talakawa. Yana goge takalma don a biya masa kuɗin makaranta, aka kore shi daga makarantar. Uwarsa ta kwanta ciwo, ya saci burodi, aka kai shi gidan yari. Jagga ya riƙe shi ya koya masa sata. Da ya girma ya so ya tuba, ya sami aiki a masana'anta, ana jin tsohon ɓarawo ne aka sallame shi. A ƙarshe ya kashe Jagga, ya kuma kai wa alƙalin hari, aka gurfanar da shi, Nargis a matsayin lauya Rita ta tsaya masa. A gaban kotu ta tone cewa wannan ɓarawo ɗan alƙali ne na cikinsa. An yanke masa shekara 3, amma wanda aka yi wa shari'a a zahiri uban ne da ra'ayinsa. Wani abin da ya ƙara wa fim ɗin armashi, Prithviraj Kapoor da ya fito a alƙalin shi ne mahaifin Raj Kapoor na gaske.

Mu ma muna da karin magana irin ra'ayin alƙalin, mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma kuma mu ne muke cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san ɗan Annabi Nuhu bai shiga jirgi ba, ya kuma san gidan da Annabi Ibrahim ya fito. Abin da Abbas ya ƙara a kai shi ne tambayar da ba mu cika son ji ba: yaron da ya lalace, wa ya rufe masa ƙofa tun farko? Malamin da ya kore shi, da mai masana'antar da ya sallame shi, da masu tsegumin da suka raba uwarsa da ɗakinta, kowa ya sa hannu.

Fim ɗin ya karɓu har wajen Indiya. An nuna shi a Tarayyar Sobiyet a 1954, mutane miliyoyi suka kalla, haka a Turkiyya da ƙasar Sin.

Shree 420: mai girma ɗan damfara

A 1955 Abbas da Sathe suka sake rubuta wa Raj Kapoor Shree 420. Sunan ma kaɗai abin dariya ne. Shree lakabin girmamawa ne, kamar ka ce mai girma. 420 kuwa lambar sashen da ke hukunta damfara ne a tsohuwar dokar Indiya, daidai da yadda muke cewa 419 a nan. Wato mai girma ɗan damfara.

Wani saurayi mai digiri ya taso daga Allahabad zuwa Bombay neman aiki, abin da ya mallaka mai daraja shi ne lambar yabo da aka ba shi saboda gaskiyarsa. Yana isa birni ya kai ta jingina. Masu kwana a bakin titi ne suka karɓe shi suka ba shi wurin kwanciya. Ya haɗu da mata biyu, Vidya malamar makaranta, sunanta na nufin ilimi, da Maya, sunanta na nufin ruɗi. Maya ta gano ya iya karta, ta shigar da shi cikin manya. Daga nan wani attajiri mai fuskar mutunci ya mai da shi yaronsa, har suka buɗe shirin gina wa talakawa gidaje, kowa ya kawo rupi 100. Da saurayin ya ga waɗanda ke bin layi da kuɗinsu su ne mutanen da suka ba shi tabarma ranar da ba shi da kowa, sai zuciyarsa ta dawo, ya tona asirin maigidan.

Tun 1955 aka fitar da wannan fim. Duk ɗan kasuwar da ya ga yadda masu cewa kawo kuɗinka a ninka maka suke kwashe jarin mata da 'yan tireda zai ce jiya aka rubuta shi.

Riba a rumfar wani, asara a tasa

A 1951 Abbas ya buɗe kamfaninsa, ya sa masa suna Naya Sansar, sunan fim ɗinsa na farko. A nan yake yin finafinan da ransa ke so, ba ruwansa da abin da kasuwa ke nema. A 1954 ya yi Munna, fim ɗin Indiya babu waƙa ko ɗaya, ku ji fa. A 1963 ya yi Shehar Aur Sapna, labarin wasu matasa miji da mata da suka rasa ɗakin haya a Bombay suka tare cikin ƙaton bututun ruwa. Wannan ya ci kyautar fim mafi kyau na ƙasa a Indiya. Sai dai yawancin finafinan kamfanin ba su mai da kuɗinsu ba. Abin da ya samu wajen rubuta wa Raj Kapoor, shi yake kwasowa ya zuba a nasa. A idon ɗan kasuwa wannan ba dabara ba ce. Shi kuwa ya san abin da yake saye da kuɗin, wato damar faɗin maganarsa yadda yake so.

A 1969 ya yi Saat Hindustani, ma'ana Indiyawa bakwai, kan mutum bakwai daga sassa da addinai dabam-dabam da suka haɗu don ƙwato yankin Goa daga Turawan Fotugal. Da gangan ya cakuɗa 'yan wasan. Utpal Dutt ɗan Bengal ya fito a mutumin Punjab, Madhu ɗan Kerala ya fito a mutumin Bengal. Matsayin mawaƙi Musulmi mai suna Anwar Ali kuwa ya ba wani dogon saurayi Bahindu da ya bar aikinsa a Kalkata yana neman shiga fim. Kafin ya ɗauke shi sai da ya tuntuɓi mahaifinsa, shahararren mawaƙin nan Harivansh Rai Bachchan, ya tabbatar da yardarsa. Rupi 5,000 aka biya shi. Saurayin nan shi ne Amita. A shekarar ce kuma gwamnatin Indiya ta ba Abbas lambar girmamawa ta Padma Shri.

Hulɗarsa da Raj Kapoor ba kullum take kawo riba ba. Mera Naam Joker na 1970, wanda aka kwashe shekaru ana yi, tsawonsa ya wuce awa 4, ya faɗi warwas a kasuwa, ya bar Raj Kapoor cikin bashi. Abbas ɗin ne dai ya sake rubuta masa Bobby a 1973, wanda ya mai da shi kan ƙafarsa, ya kuma fito da ɗansa Rishi Kapoor da Dimple Kapadia. Mu soyayya da waƙoƙi muka gani a ciki. Amma ku tuna labarin: ɗan attajiri Bahindu ne da 'yar masunci Kirista, uban yaron ya ce gidansu yarinyar bai kai ba. Tsohuwar maganar Abbas ce ta dawo da sabuwar riga.

Ƙarshensa

Ya kamata in faɗi gaskiya, Abbas ba malamin addini ba ne. Mai ra'ayin gurguzu ne, mabiyin Nehru, kuma akwai ra'ayoyinsa da ba za mu bi shi a kai ba. Amma mai aiki ne tuƙuru. Ya rubuta littattafai sama da 70 cikin Turanci da Urdu da Hindi, ban da filin jaridarsa na kowane mako. Tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa ya fito a 1977. Ya rasu a Bombay ranar 1 ga watan Yuni 1987, saura kwana 6 ya cika shekara 73.

Bayan rasuwarsa wani labarinsa ya sake fita, wato Henna na 1991. Raj Kapoor ne ya fara shirinsa, ya rasu a 1988, ɗansa Randhir ya ƙarasa. Labarin wani Bahindu ne da kogi ya tafi da shi ya jefar a Pakistan, wata yarinya Musulma da danginta suka yi jinyarsa, a ƙarshe ta rasa ranta wajen mai da shi gida. In kun lura, bashin da dattijo Sardarji ya biya ne aka sake biya, wannan karon daga ɗaya ɓangaren.

To 'yan'uwa, ban kawo wannan tarihi don in tura kowa kallon fim ba. Na kawo shi ne saboda mun san zafin a ce mana ai ku duk haka kuke, a hana ɗanmu haya ko aiki saboda sunansa. Sai mu duba ko mu ma ba ma yi wa wasu. Akwai yaron da ya fito daga gidan yari yana zagaya rumfunanmu yana neman wanda zai ɗauke shi ko dako ne. Akwai yarinyar da ake fasa nema saboda abin da ubanta ya taɓa yi. Akwai maƙwabcin da ba yarenmu ɗaya ba, wanda ko gaisuwarsa muke amsawa da zargi. Alƙali Raghunath yana da ilimi da matsayi, kuma har ranar da aka tone masa asiri a kotu yana ganin shi ne mai gaskiya.

Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.